Jirgin ruwa mai tafiya da iska makaranta ce, ba wurin neman albashi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin matasanmu na bakin ruwa, daga Garwa da Lagdo har Kusiri da Njamena da tsibiran Tafkin Chadi. Da yawansu suna ganin hotunan manyan jiragen teku masu tafiya da iska, waɗanda ke ɗaukar baƙi su yi aiki tare da ma'aikata, sai su zaci aikin albashi ne. A yawancin waɗannan jirage mai koyo ne ke biya. Jirgin Belem na Faransa, wanda aka ƙera a 1896, wanda kuma ya kai wutar gasar Olamfik birnin Marsey a 2024, ma'aikatansa 16 ne, yana ɗaukar masu koyo har 48, kowa da kuɗinsa. Don haka duk dillalin da ya ce a ba shi sefa zai samo wa yaro aiki a irin wannan jirgi, a bincike shi da kyau. Abin da ake samu a can ilimi ne, kuma ya kamata mutum ya san irinsa kafin ya sayar da gona ko kwalekwalen gidansu.

Karatun farko igiya ce. Babban jirgi yana da igiyoyi fiye da ɗari, kowace da sunanta da turken da ake ɗaure ta. Ana so mai koyo ya haddace su har ya iya kai hannu ga wadda aka kira cikin duhu, ruwa na dukansa. Idan ya kwance wata a madadin wata, gungumen da ke gicciye a jikin jigo (dogon ginshiƙin da ke tsaye a jirgi), wanda zanen iska ke rataye a kansa, yana iya sauka da ƙarfi a kan mutane. Ɗaurin turke kuwa ƙa'ida gare shi: zagaye ɗaya, sannan a giccita kamar lamba 8 sau uku. Ragowar igiyar a naɗe ta yadda hannun agogo ke juyawa, domin haka aka tufka yawancin igiya mai tufka uku. In an naɗe ta baibai sai ta murɗe, ta maƙale daidai lokacin da ake son ta gudu. Igiyar da ke ɗauke da nauyi ba a kwance ta gaba ɗaya. A bar zagayen ƙarshe a turke, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, yatsu nesa da turken. Ba a naɗa igiya a hannu, ba a sa zobe, ba a tsayawa cikin naɗinta. Ta nan akan rasa yatsu a jirgi.

Ƙulli huɗu ko biyar sun ishi mafari: wanda ke yin zoben da ba ya zargewa, na ɗaure igiya a sanda, na haɗa siririya da kakkaura, da na ɗaure zane bayan an naɗe shi. Wannan na ƙarshe mutane kan yi kuskuren haɗa igiya biyu da shi, ga shi kuwa yana suɓucewa da zarar an fizga. Ƙullin kirki shi ne wanda ya riƙe, kuma ya kwantu bayan ya sha nauyi. Wanda sai an sa masa wuƙa, ɓarna ce.

Mutanen Chadi suna da tarihi a wannan fage. A 1969 Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norwe, ya ɗauki maƙeran kwalekwalen ciyawa daga Tafkin Chadi suka haɗa masa jirgin Ra a Masar, kuma ɗan Chadi, Abdullahi Jibrin, yana cikin mutum bakwai da suka tashi da shi daga Safi ta Maroko. Sun shafe kusan wata biyu a Tekun Atlantika kafin su bar jirgin, saura tafiyar kusan mako guda su kai tsibirin Barbados. Daga cikin abin da ya karya shi akwai igiya guda da ake gani a hotunan tsoffin jiragen Masar, mai riƙe bayan jirgi ya tsaya a sama. Ba a ba ta muhimmanci ba, bayan jirgin ya riƙa nutsewa a hankali. Ra na biyu ya tsallake a 1970 cikin kwana 57.

Sai iska. Jirgi ba ya fuskantar iska kai-tsaye. Mai zannuwan gicciye iyakarsa ya matso kusan digiri 60 zuwa 70 daga inda take busowa, saboda haka in can ne wurin zuwa, sai a riƙa tafiya a karkace, a yi dama a yi hagu. Kowane juyi aikin kowa ne. In za a ratsa da goshin jirgi ta cikin iska, dole a samu gudu tukuna. In gudun ya gaza, ko masu jan igiya suka makara wajen juya gungume, jirgin sai ya tsaya cik, ya fara ja da baya. Shi ya sa in teku ta yi fushi kyaftin kan zaɓi juyawa ta baya, ko da zai yi asarar tafiya. Abin da mafari ba ya yarda da shi sai ya gani shi ne, in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta a jikin zane ninkawa huɗu yake yi. Don haka ake rage zane tun da wuri, a fara da na can ƙololuwa. A nan masuncin Lagdo ko Darak ta Tafkin Chadi ya fi ɗan birni: wanda ya saba ganin hadarin farkon damina ya taso daga gabas ya kuma san minti nawa ya rage masa ya kai gaɓa, ya riga ya sami rabin karatun.

Hawa jigo ya fi tsoratar da mutane, alhali in an bi ƙa'ida bai kai aikin igiya haɗari ba. Ana hawa ta ɓangaren da iska ke busowa, domin ta manna mutum da tsani. Hannu na kama manyan igiyoyin tsaye, ƙananan na gicciye na ƙafa ne kawai, suna iya tsinkewa. Gaɓa ɗaya ake motsawa, uku na riƙe. Kafin ka taka igiyar da ke ƙarƙashin gungume ka yi magana, domin nauyinka zai girgiza wanda ya riga ka. A maƙala ɗamarar tsaro, a zazzage aljihu tun a ƙasa. Wayar da ta faɗo daga mita 30 tana iya fasa kai.

Ana raba mutane kashi uku na gadi, awa huɗu aiki, awa takwas hutu, dare da rana. Hutun ma suna ne kawai, cikinsa ake wanke-wanke, kankare tsatsa da taimakon mai dafa abinci, kuma in an kira kowa da kowa, ko yanzu ka kwanta sai ka tashi. A sitiyari, kuskuren mafari shi ne yawan juyawa yana bin allurar kamfas. Jirgi mai nauyi ba ya amsawa nan take, a juya kaɗan a jira. Mai duba gaba ya san jar fitila hagun jirgi ce, koriya damansa. In ya ga duka biyun, jirgin ya nufo shi kai-tsaye. In wani jirgi yana ƙara girma amma bai gusa daga inda kake hango shi ba, karo za a yi, a faɗa nan da nan. In mutum ya faɗa ruwa, a yi ihu, a jefa masa abin iyo, mutum ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido. Jirgin da ke gudun mil shida na teku a awa yana nisan mita 185 kowane minti, kuma mai tafiya da iska ba ya juyowa da sauri.

Kada wanda ya girma a kwalekwale ya ɗauka jiri da amai ba za su kama shi ba. Lilon teku daban yake da na tafki. Yawanci kwana biyu zuwa uku ne. A sha ruwa, a ci busasshen abu, a zauna a sarari ana kallon nesa, a yi amai ta inda iska ke tafiya. Ruwan daɗi a ƙididdige yake, sai a koyi alwala da kaɗan. Alƙibla tana sauyawa da juyin jirgi, a tambayi jami'in gadi inda aka dosa. Batun naman alade da lokutan salla a faɗa tun wajen rajista.

Wanda burinsa aikin albashi ne, takarda zai nema. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan horon ma'aikatan jirgin ruwa, wato STCW ta 1978, bayan gyaran da aka yi mata a 1995, ta wajabta horon farko: tsira a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zama da jama'a. Sai shaidar likita da littafin ma'aikacin jirgi. Akwai jami'ar harkokin teku a Akara, wadda Kamaru ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, akwai kuma makarantar Abijan ga masu Faransanci. Mai zuwa jirgin iska ya tambaya tun kafin ya biya ko kwanakinsa za su shiga lissafin zaman teku, ya kuma karɓi takarda da sa hannun kyaftin ranar sauka.

Kafin nan akwai abin da ba ya cin ko dala: a iya iyo sosai, a sami igiya mita biyu a riƙa ƙulla ta ido a rufe, a kuma gyara Faransanci ko Turanci, domin a jirgi duk umarnin da aka ba ka sai ka maimaita shi da ƙarfi kafin ka taɓa komai.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa,
Garwa, Kamaru.