Rahoton Shekara Ga 'Yan Ƙungiya: Gidajen Fagge Da Ke Komawa Shaguna

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi a shekarar da ta ƙare.

Maganar sayar da gidaje ce ta cinye mana yawancin zama. Kowa ya ga yadda Kantin Kwari ta cika ta tumbatsa ta shigo lungunan Fagge, ga 'yan canji na Wapa ta ɗaya gefen. Gidan da muka sani da soro da dakali da makarantar allo, a wayi gari an rushe, an tayar da bene: ƙasa shaguna, sama sito na atamfa da shadda. Da rana ba wurin taka ƙafa saboda 'yan dako da Adaidaita Sahu, bayan isha'i kuwa sai masu gadi. Wasu masallatan lungu da ƙyar suke cika sahu ɗaya da asuba.

Da muka bi gidajen da aka sayar, mun tarar galibinsu na gado ne. Magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, dillali kuma yana bakin ƙofa da kuɗin da babu ɗan unguwar da zai iya tayawa. A raba kuɗi, wannan ya nufi Rijiyar Lemo, wancan Bachirawa ko Kurna. Ba ma zargin wanda ya sayar, haƙƙinsa ne. Waɗanda suka fi ba mu tausayi 'yan haya ne da tsofaffin mata, domin su ba a tambayarsu.

Shi ya sa muka roƙi malamanmu suka yi mana bita a kan shufa'a, wato haƙƙin fifiko wajen sayen gida idan an sayar. Mutane da dama sun zo da zaton maƙwabci ne ya fi cancantar sayen gidan maƙwabcinsa. Malamai suka fayyace cewa a Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba ya ciki. Wato idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗan'uwansa na iya biyan kuɗin ya karɓa. Wasu iyalai sun bi wannan hanya sun riƙe gidan ubansu. Wasu sun so, kuɗi ya gagara.

Mun kuma shiga tsakani aka ƙara wa wasu 'yan haya wa'adin tashi. A gida guda mun makara, sai kaya muka tarar a waje, kuma laifin namu ne don labari ya iso mana da wuri.

Yashe magudanan ruwa an yi shi kafin damina, matasa sun fito, Allah Ya saka musu. Ba mu manta ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 ba, ga shi sababbin gine-gine na hawa kan kwalbati. Takardar koken da muka kai kan haka har yau shiru, za mu sake komawa.

Kuɗin wata-wata ya ja baya, tunda masu biya da yawa sun tashi. A taro mai zuwa za a yanke shawara kan ko wanda ya bar unguwa zai ci gaba da zama ɗan ƙungiya mai ƙuri'a. Kwamiti na goyon bayan haka. Ma'aji zai zo da littafin kuɗi ga mai son dubawa.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti