Sun sare tsamiyar ƙofar masallacinmu

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi kukan tsamiyar unguwarmu. Ranar Talata da sassafe wasu ma'aikata suka zo da injin yanka, wai za a faɗaɗa hanya, kafin azahar sai kututture.

Kakana ya ce shi ma a haka ya tashi ya gan ta. A inuwarta aka ɗaura auren mahaifina, a gindinta muka yi karatun allo, kuma duk azumi 'ya'yanta iyayenmu mata ke jiƙawa su dama kunu. Jiya na tarar da wani dattijo maƙwabcinmu zaune a kan kututturen da rana tsaka, yana shafa ɓawon, bai ce da kowa uffan ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Bishiyar Tenere, wadda ta shahara da tsayuwa ita kaɗai a tsakiyar hamada, da mota ta kaɓe ta a 1973, ɗauko ta aka yi aka adana a gidan tarihi na Yamai. Tamu kuwa, masu gawayi aka sayar wa, ko mai unguwa ba a tuntuɓa ba.

Muna roƙon hukuma ta bar mana kututturen, ko Allah zai sa ya toho idan damina ta sauka.

Mai karatunku,
daga Damagaram