Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Ƙungiyar 'Yan Jarida ta NUJ, reshen Jihar Zamfara

Kwamared Shugaba, assalamu alaikum. Ya aiki, ya haƙuri da mu?

Ka fi ni sanin abin da aka yi a Ilorin a 1998, lokacin da NUJ da ƙungiyar editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da ƙa'idojin aikinmu. Sharaɗin farko ya ce ƙwararren ɗan jarida ne ke da ta cewa kan abin da zai shiga labari. Wani kuma ya hana mu neman toshiyar baki ko karɓarta don a buga labari ko a danne shi. To yau a Gusau, wa ke da ta cewar? Edita, ko mai raba ambulan bayan taron manema labarai?

Ba zan yi wa abokan aikina kuɗin goro ba, ni ma na karɓi "kuɗin mai". Na yi wa wata jarida wakilci shekara guda da 'yan watanni ba a ba ni ko sisi ba. Da na yi magana, sai babba ya ce mini ai katin shaidar da ke wuyana shi ne gonata, in je in nome. Na kuwa noma. Mutumin da mai gidan haya ke jira a ƙofa ba ya tambayar kwamishina abin da zai ɓata masa rai.

Ga abin da hakan ke haifarwa. A kai hari wani ƙauye a Maru ko Shinkafi, mutanen gari sun yi jana'iza sun san gawa nawa suka rufe, amma adadin da kakakin hukuma ya faɗa shi za ka gani. Babu wanda ya taka ƙafa can, don kuɗin mota daga aljihunsa zai fito, in kuma aka tare shi a hanya babu inshora. Sai ka ga takardar sanarwa guda ta fito a jaridu da yawa, har kuskuren rubutunta iri ɗaya, kowa da sunansa a sama.

A Oktoban 2022, da gwamnatin Matawalle, gwamnan Zamfara na lokacin, ta ba da umarnin rufe wasu kafafen watsa labarai, ciki har da NTA Gusau da Pride FM, ai an ji muryarmu, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ma ta ce ba a bi doka ba. Ashe mun iya faɗa idan gwamna ne ya sa kwaɗo. Idan mai jarida ne ya riƙe albashi kuwa, sai kowa ya koma kurma. Karrama masu mulki da lambar yabo, wannan kam ƙungiyoyinmu sun ƙware.

Kwamared, don Allah, tun 1955 aka kafa ƙungiyar nan don kare haƙƙin ma'aikaci. Ka sa a tattara sunayen jaridun da wakilansu na Zamfara ke bi bashi, a miƙa wa uwar ƙungiya a Abuja, a kuma karanta su a bainar jama'a. Kwamitin ladabtarwa ya zauna, mu ji hukunci ko da guda ne. Maganar masu ɗora hotunan gawarwaki a Facebook da sunan aikin jarida, wannan sai wani jiƙon.

Zan zo taron wata mai zuwa da nawa lissafin bashin a rubuce.

Naka,
Wani tsohon wakili, Tudun Wada, Gusau