Wasiƙa zuwa ga Inna kan jegon Auta

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Baba da duk mutanen gida a Jekadafari. Ina angon ƙarni? Jinjiri kuma Allah ya raya mana shi.

Saƙon Yaya ne ya sa na rubuto, don a karanta muku a nutse. Ta ce yau kwana 23 da haihuwar Auta, amma kullum cikin kuka take, abinci sai an matsa mata, yaro na barci ita idonta biyu, tana ta cewa ita ba uwar kirki ba ce. Wai wasu na cewa rashin godiya ne, wasu na cewa iska ce. Inna, ciwo ne. Mu ma'aikatan jinya ciwon damuwa na bayan haihuwa muke kiransa. Yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma ana warkewa.

Akwai ɗan kukan da masu jego da yawa kan yi kwana uku zuwa biyar da haihuwa, saboda sinadaran da ciki ya tara a jiki sun sauka farat ɗaya bayan faɗuwar mabiyiya. Wannan kafin sati biyu ya wuce da kansa. Na Auta ya haura haka, don haka kada a ce sai an yi arba'in.

Ku fara da barci, shi ne babba. Tana buƙatar awa huɗu zuwa biyar a jere kowane dare, barcin tsinci-tsinci ba ya hutar da ƙwaƙwalwa. Bayan isha'i ta shayar da yaro ya ƙoshi, sai ku ko Yaya ku ɗauke shi zuwa wani ɗaki. In ya nemi nono a kawo mata ta ba shi a kwance, amma gyatsa da canjin ƙunzugu da jijjiga duk na mai taya ta ne. Waya ta kwana a falo. Shayi da goro da lemon kwalba mai baƙi su tsaya daga la'asar. 'Yan barka kuma a karɓe su a tsakar gida in tana barci. Na san za a yi ƙorafi, a bar ni da laifin.

Da hantsi ta fito ta sha rana, ta ɗan zaga gida na minti 20. Abinci sau uku ko da kaɗan ne: wake, ƙwai, hanta, zogale. Ƙarancin jini kansa na kawo kasala da faɗuwar gaba, shi ya sa nake so a auna jininta. Wankan jego a sassauta zafin ruwan, kunun kanwa kuma a rage shi sosai. Likitocin Zariya sun daɗe da alaƙanta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa. Idan ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, wannan maganar zuciya ce, a kai ta asibiti a ranar.

Sai maganar baki. Don Allah a daina ce mata wasu na neman haihuwar ba su samu ba. Ta sani, kuma abin da ke cin ta ke nan, tana ganin ta yi wa Allah butulci. Ku zauna kusa da ita ku ce, “Yaya zuciyarki yau?” sannan ku yi shiru ta faɗa. Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da nake roƙon Yaya ta yi mata su biyu: ko tunanin mutuwa ko na cutar da kanta na zuwa mata. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Ko me ta amsa, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga gidan tun yau.

A cikin satin nan mijinta ya raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ganinsa ba ya nufin hauka. Idan ya rubuta magani, a gaya masa tana shayarwa, akwai irin su sertraline da ake sha ba tare da an yaye yaro ba. Inda ake yawan kuskure shi ne maganin kan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, kwanakin farko ma yana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, sai a ce bai karɓe ta ba a ajiye. Bayan ta ji sauƙi za ta ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage mata a hankali. Kada kowa ya sayo mata maganin barci a kemis: irin su diazepam na bi ta nono su kasalar da jinjiri, ita kuma jikinta ya saba.

Addu'a da karatu ku ci gaba, ni ma ina yi, a haɗa su da asibiti. Hayaƙi dai kada a turara a ɗakin da jinjiri yake.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gari ya waye. Idan ta kwana biyu ba barci kuma ba ta jin gajiya, ko ta fara surutai marasa kan gado, ko jin muryoyi, ko cewa yaron ba nata ba ne, wannan wani ciwon ne daban mai kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu. Ba ɗauri, ba duka, kada a bar ta ita kaɗai da yaro, a wuce sashen gaggawa ko tsakar dare ne.

Na tura wa Yaya kuɗin mota da na gwaji. Zan kira ranar Juma'a bayan la'asar, ku ba Auta wayar mu yi magana ni da ita. A gaishe mini da Baba da Gwaggo.

Wassalam,
'Yarku