A koya wa mata gyaran fuskar gado, ba haɗa sabulu kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wata sana'ar hannu da aka bar wa kafintoci su kaɗai, alhali mace tana iya yin ta a tsakar gidanta, wato gyaran fuskar gado da soso da yadi.

Duk wanda ya aurar da 'ya a Kano tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya san yadda kayan ɗaki suka zama abin tsoro, domin sinadaran da ake yin soso da su daga waje ake shigo da su, kuma faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin katifa da kujeru gaba ɗaya. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba zai iya tunkarar sabon gado na yayi ba sai da bashi. Amma a gidaje da yawa akwai tsofaffin gadaje masu ƙwarin katako, waɗanda ba abin da ya same su illa ledar fuskarsu da ta tsattsage, sai ka ga an jingine su a bayan ɗaki gara tana ci.

Da bikin ƙaramar 'yata ya matso, irin wannan gadon na fitar, wanda na yi shekaru ina kwana a kansa. Na kwance fuskar, na ɓamɓare tsohuwar ledar, na sa aka yanko mini fallen katako daidai awonta a 'Yan Katako na Na'ibawa, sannan na sayo soso mai kaurin inci biyu da yadin karan-miski a Kantin Kwari. Aikin ba shi da wani sirri. Ana fara auna wuraren da maɓallai za su zauna, a huda katakon, a manna soson da gam, a shimfiɗa yadin a kai, sannan a zura basilla da zare mai ƙarfi ta baya a jawo kowane maɓalli har ya nutse cikin soson. Daga tsakiya ake farawa a bi zuwa gefe, kusurwoyi kuma su ne na ƙarshe, kuma a nan ne mai gaggawa yake kunyata. Ni kaina na kunyata a karon farko, domin na yi rowar yadi, ban bar rarar da za ta zagaya bayan katakon ba, da maɓallan suka ja sai ya gaza, dole na koma kasuwa. Kwana uku na yi, kuma da 'yan jere suka shiga ɗakin ba wadda ta gane cewa gadon ya girmi amaryar.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake gudanar da shirye-shiryen koyar da mata sana'a. Kusan duk inda aka tara mata, abin da ake koya musu bai wuce haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren wuta da jera duwatsun ado ba, a ƙarshe a ba su takardar shaida a ɗauki hoto a watse. Ban raina waɗannan sana'o'i ba, amma idan mata hamsin a unguwa ɗaya suka fito da sabulu iri ɗaya, wa zai saya a wurin wa? Gyaran fuskar gado da ta kujera kuwa buƙatarsa ba ta yankewa, musamman gabanin azumi lokacin da bukukuwa suke yawaita, kuma matan aure da dama za su fi sakewa idan mace ce za ta shiga har uwar ɗaka ta auna gadonsu.

Ko jera duwatsun da ake koyarwa ma, rabin aikin ake nunawa. Ana koya wa yarinya zura duwatsu a waya ta lanƙwasa da filaya, amma ba a gaya mata cewa maƙalin ɗan kunne mai arha yana tsatsa, yana kuma sa kunnen wasu ƙaiƙayi har ya yi ruwa, kuma wadda ta sayi irin wannan sau ɗaya ba ta dawowa. Ba a kuma nuna mata cewa ban da duwatsun roba da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, akwai na gilashi da masu sana'ar unguwar Masaga a Bida suke narkawa daga kwalabe tun kaka da kakanni, waɗanda za su bambanta kayanta da na kowa.

Akwai gargaɗi guda da ya kamata duk mai koyarwa ya yi. Lungunan da maɓallai suke haifarwa maɓoya ce ta kuɗin cizo da ƙurar hunturu, saboda haka tilas a duba tsohon katako sosai, a shanya shi a rana, a sa masa magani kafin a rufe shi, kuma a gidan da ke da ƙananan yara leda mai kyau ta fi karan-miski sauƙin gogewa.

Roƙona ga masu shirya irin wannan horo, na gwamnati da na ƙungiyoyi, shi ne su ɗauko ƙwararrun masu ɗinkin kujeru su koyar da mata na tsawon makonni, kuma a ranar yaye su a miƙa wa kowacce abin harba ƙusa da almakashi da basilla da ma'auni, tare da soso da yadin da za su ishe ta gado ɗaya.

Wassalam.

Wata malamar makaranta mai ritaya,
Kano.