Kamfanonin Jiragen Ruwa Su Waiwayi Ƙauyukanmu

Edita,

Assalamu alaikum. Na ji labarin wani kamfanin injiniyoyin jiragen ruwa da ke haƙa rijiyoyin burtsatse tare da tallafa wa makarantu a garuruwan bakin teku, kuma ya cancanci yabo. Sai dai tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, wato tashar kan tudu da ke karɓar kayan da jiragen ruwa ke kawowa, mu ma harkar teku ta shafe mu.

A ƙauyenmu 'yan mata kan rasa darasin safe saboda ɗiban ruwa, ga famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, babu mai gyara. Tunda famfo ba zai gagari mai gyaran injin jirgi ba, ina roƙon irin waɗannan kamfanoni su turo injiniyoyinsu su koya wa matasanmu wannan sana'a.

Naku,
Malamin firamare, ƙasar Ringim, Jihar Jigawa