Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Fatakwal Kan Neman Gidan Haya a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya kuma haƙuri da nisan gida? Mu nan Kano sai godiya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya Gwale na gaida Hajiya, ƙafar da sauƙi sosai, har ta rako ni bakin zaure. Ta ce in gaya maka ka riƙa kira da rana, don ba ta jimawa bayan isha'i.

Na ga saƙonka da hotunan gidan da dillali ya turo maka ta WhatsApp. Maganar tashi dai babu ja a cikinta. Ciki da falo ya yi wa iyalinka kaɗan, yara sun tasa, kuma lokacin raba wa maza da mata makwanci ya yi. Ɗaki uku da falo shi ne daidai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne unguwar, shi ya sa na zauna na rubuto maka a tsanake maimakon mu yi ta a waya kati yana ƙonewa.

Na je Farawa na ga gidan. Dillalin bai yi maka ƙarya a kan ginin ba: sabo ne, an sa tayil, kowane ɗaki da banɗakinsa, kuma kuɗin bai kai abin da ake nema a Zoo Road ko Tarauni ba ko kusa. Amma ka tuna inda rayuwar gidanka take. Uwargida tana koyarwa a Gwale, makarantar bokon yara da Islamiyyarsu duk a wajen suke, Hajiya ma tana can. Farawa kuwa tana gabas, ta hanyar Maiduguri, gaba da Hotoro. Ke nan kullum sai an keta garin nan daga wannan gefe zuwa wancan, da safe a tafi, da yamma a dawo. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano a watan Janairun 2013, adaidaita sahu ce ƙafar duk wanda ba shi da abin hawa, kuma babu adaidaitar da za ta ɗauke ta daga ƙofar gidan nan ta dire ta a Gwale sai dai in shata ta yi. Sai ta sauka ta sake hawa, da yara a hannu, ga cunkoson safiya. Gadar Hotoro da ta Ɗangi sun rage wahala, amma ba su rage nisa ba.

Kai da kake aiki a garin mai ka fi ni sanin abin da ya faru da kuɗin mota tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Bari mu yi lissafi na misali. Mu ƙaddara ƙarin da za ta riƙa kashewa a kan abin da take kashewa yanzu naira 1,500 ne kacal a rana, ita da yaran, zuwa da dawowa. Kwana 5 a mako, kamar mako 40 na karatu a shekara, ya kama naira 300,000. Wannan kuɗi ba ya cikin rasit ɗin mai gida, amma daga aljihunka zai fita. In ka ɗora shi a kan hayar, ina arahar take? Ban ma sa zuwa duba Hajiya ba, ban sa biki da suna da gaisuwar rasuwa ba, waɗanda ka san duk a cikin gari danginku suke yin su.

Sai babbar maganar, ruwa. A Kano ta yau, kafin ka tambayi kuɗin gida ka tambayi ruwansa. Matatun Tamburawa da Challawa suna nan, amma garin ya faɗaɗa ya wuce inda bututu ya kai, kuma unguwanni da yawa da ke da bututun ma sun manta rabonsu da ganin ɗigo a famfo. Gidan da aka nuna maka rijiya ce da shi a tsakar gida, an ja famfo ko'ina amma babu tanki a sama. Na tsaya a shagon da ke bakin layin na sayi kati, muka ɗan taɓa hira da mai shagon. Ya ce rijiyoyin layin suna ja da baya da zarar zafi ya shigo, daga Maris har ruwan sama ya sauka sai dai 'yan ga-ruwa. Ka yi tunanin gida mai banɗaki uku na zamani, ga wanki, ga girki, ga yara, a ce da jarka ake ciyar da shi. Ƙaramin gida yana iya lallaɓawa da jarka biyu ko uku, babban gida kuwa kura guda ba ta kai shi dare. Mutane suna mance cewa idan gida ya ƙaru, duk abin da yake ci ma ƙaruwa yake yi. Shi ya sa na fi son gidan da ke da burtsatse da tanki, musamman in da sola yake aiki, ko da hayarsa ta ɗara. Kuma ko an ce maka akwai burtsatse, ka tambayi wa ke biyan gyara idan injin ya ƙone, a rubuta shi a takarda.

Wuta ba zan ja ta da tsawo ba. Ka nemi gida mai mitar kati, kuma mitar taka ce kai kaɗai, ba ta haɗaka da maƙwabci ba, don a nan ake ɓata zumunci. In babu mita, a nuna maka takardar kamfanin wuta na KEDCO ta ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Ka kuma san layin da gidan yake kai. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin masu Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit, samun wuta sosai ya zama abin da ake yi wa kasafi.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa, wato ko unguwa awon gwamnati ce ko awon igiya. Yawancin gidajen da za ka ji arahar su a bayan gari awon igiya ne: mai gona ya yanka gonarsa filoti-filoti, bai bar hanyar kirki ba, bai bar wa ruwa mafita ba. Da rani ba ka ganin komai. Sai Agusta ta zo, layi ya zama tafki, mai adaidaita ya ce daga bakin titi ba ya ƙara taku ɗaya. A gidan Farawa na duba gindin katanga ta waje, na ga shatin da ruwa ya bari, ya kusa kai gwiwa, an shafe na cikin gida da fenti. Ba ina cewa duk awon igiya abin gudu ba ne, rabin mutanen kirkin da muka sani a irinsa suke zaune. Amma sai a duba tudu ne ko kwari, a ga inda kwata take zuba, a tambaya ko motar kwasar masai tana iya shigowa. Sannan tun rusau na 2023 kowa ya koyi duba bango, ko hukumar tsara birni ta KNUPDA ta taɓa shafa masa jan fenti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kai ba mazauni ba ne. Mafi yawan shekara baiwar Allah nan ita kaɗai ce da yara. Idan zazzaɓi ya rufe yaro ƙarfe biyun dare, ƙofar wa za ta buga? A inda suke yanzu kowa ya san ta, ƙaninka yana iya isowa da ƙafa. A sabuwar unguwar da rabin gidajenta kangwaye ne, maƙwabcin da ya fi kusa ma sai an yi tafiya. Don Allah ka sa wannan a gaban tayil da fenti.

Saboda haka na karkata nema zuwa yamma, ta hanyar Gwarzo. Janbulo da Tudun Yola sun fi ƙarfin abin da ka ce ka tanada, kada mu ɓata lokaci a kansu. Rijiyar Zaki ita ce ta fi kwanta mini. Bakin titi da tsada, amma da ka shiga layi na uku ko na huɗu farashi yake sauka, kuma daga titin adaidaita ba ta yankewa zuwa Kabuga, daga nan kuwa an shigo gari. Ɗorayi ta fi sauƙin kuɗi, tana bayan tsohuwar jami'ar Bayero, kusa ƙwarai da makarantar uwargida, sai dai akwai cunkoso kuma gidajen masu faɗi ba su da yawa. Na san za ka ce ana jin labarin faɗan daba da ƙwacen waya. Gaskiya ne ana yi, amma abin layi-layi ne, ba a yi wa unguwa guda hukunci da sunanta. Layin da ke da 'yan sintiri, da dattawan da ke zama a ƙofar masallaci, da mai unguwa mai tsayuwa a kan al'amari, daban yake da wanda babu mai faɗa a ji. Ɗanbare da Rimin Gata akwai sababbin gine-gine, amma kusancinsu da sabuwar jami'a ya sa masu gida sun fi son yanka ƙananan ɗakuna don ɗalibai, kuma zaman iyali a tsakiyar ɗalibai sai an yi haƙuri. In duk waɗannan ba su yi ba, akwai Sharaɗa da Ja'en, ana ɓullowa Gadon Ƙaya ta titin Yahaya Gusau, a dai nisanci jikin masana'antu.

Na ga wani gida a cikin Rijiyar Zaki, ƙasan bene ne, ɗaki uku da falo da sito. Ba sabo ba ne, ƙofofin kicin suna son kafinta, banɗaki biyu ne ba uku ba. Amma akwai burtsatse da tanki, mita daban, tsakar gida mai ɗan faɗi da za a yi shanya yara su yi wasa, kuma mai gidan dattijo ne da ke zaune a layin baya, ba wakili ba. Na koma bayan magariba don in ga yanayin dare, na yi sallar isha'i a masallacin layin, na ga sahu cike da magidanta. Hayarsa ta fi ta Farawa, amma ratar ba ta kai lissafin kuɗin motar da muka yi ɗazu ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

In ka amince, ga yadda nake ganin a yi. Kada ka tura wa kowane dillali kafin alƙalami daga nan inda kake. Bari uwargida ta je ta gani da idonta tukuna, ita da ƙanwarka, domin ita za ta zauna, kuma za ta lura da abin da ni da kai ba za mu lura da shi ba. In ya yi mata, ni da ƙaninka mu zauna da mai gidan, kuɗi ya shiga hannunsa kai tsaye, a karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya da shaidu: ranar da haya ta fara, gyaran da ke kansa, da wa'adin da zai bayar kafin ya yi ƙari. Ka ware la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin motar kwasar kaya, da labule da ledar ɗakunan da suka ƙaru. Zan roƙi dattijon ya cire kuɗin kafinta daga hayar, ina kyautata zaton zai yarda.

Ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen wata, don haka ka yi shawara da uwargida da Hajiya ka sanar da ni da wuri. Maiɗakina tana gaishe ka, abokanmu na majalisa ma duk sun ce a miƙa gaisuwa. Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka amini har kullum.